Me ke jan hankali a labaran kimiyyar da ba sa karya dokokin fiziks?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Tambayata ga masu karanta ƙagaggun labaran kimiyya take, musamman waɗanda suka san wani abu game da fiziks. Na lura cewa labaran nan sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda kumbo ke tashi daga wannan tauraro ya sauka a wancan cikin yini guda, ana jin rugugin injinsa a sararin da babu iska, mutanen ciki kuma suna takawa da ƙafafunsu ba tare da an faɗi abin da ya riƙe su a ƙasa ba. Akwai kuma waɗanda marubucinsu ke zama ya lissafa man da kumbon zai sha, da watannin da tafiyar za ta ci, da yawan iskar da kowane mutum zai shaƙa, sannan ya ƙi yarda wani abu ya auku a labarin matuƙar ilimin da ke hannunmu yau ya ce ba zai yiwu ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda masoyan rukuni na biyu suka fi kowa riƙo da abin da suke so. Ni a fahimtata, ƙagaggen labari fili ne da aka sakar wa marubuci ya yi yadda ya ga dama, kuma mu da muka tashi da tatsuniya ba mu taɓa tambayar yadda aka yi Gizo ya hau sama ba. Ko *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969 ya kai yaro yawo sararin samaniya, ba don daidaiton lissafi aka so shi ba. To me zai sa marubuci ya ɗaure hannunsa da kansa? Kuma ina daɗin yake ga mai karatu, tunda wanda ke son darasin fiziks littattafan makaranta sun ishe shi?

Malamin Fiziks ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ɗaurin hannun da kake gani shi ne yake haifar da labarin. Duk labarin da komai ke iya faruwa a cikinsa, mai karatu ba ya jiye wa kowa tsoro, domin ya san ko wane irin hali jarumi ya shiga, a shafi na gaba marubuci zai fito da wata na'urar da ba a taɓa ambatonta ba ta fid da shi. Idan kuwa dokar da ke aiki a labarin ita ce wadda ke dawo da dutsen da ka jefa sama, to wannan ƙofa ta rufu, kuma mai karatu ya san ta rufu, daga nan ne zuciyarsa ke fara bugawa.

Bari in ɗauki batun mai, domin a nan ne abin ya fi fitowa fili. A shekarar 1903 wani malamin makaranta ɗan Rasha mai suna Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa lissafin da har gobe a kansa ake gina roka. Abin da lissafin ya nuna shi ne, tunda roka ita ke ɗauke da manta, duk man da ka ƙara mata domin ta ƙara gudu sai ka sake ƙara wani da zai ɗaga wanda ka ƙara ɗin. Mutanen Agadas sun san irin wannan matsala tun kafin a ƙera roka, domin ayarin gishirin da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ba ya samun ciyawa a hanya, tilas raƙuma su ɗauki harawar da za su ci, kuma gwargwadon nisan tafiya gwargwadon yadda harawa ke cinye gurbin kaya. Na roka ya fi tsanani, saboda ninkawa yake yi: idan sai nauyinta cike da mai ya ninka nauyinta babu mai sau 10 kafin ta kai wani gudu, to kaiwa ninkin wannan gudun sai an ninka sau 100. Wannan ne ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin rokar da ke tsaye a filin harbawa mai ne zalla. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 ta doshi tan 3,000 a lokacin tashi, amma ɗan ɗakin da ya dawo da mutum uku ya faɗa teku bai kai tan 6 ba.

To ka ɗauki wannan ka miƙa wa marubuci. Nan take kowane kilo da ke cikin kumbo ya zama abin jayayya, kowace karkata daga hanya sai an biya ta, kuma idan matuƙi ya ce zai juya ya ɗauko abokinsa da aka bari a baya, mai karatu ya san man komawa gida ne ake shirin ƙonawa. Haka ma nisa yake. Saƙon rediyo yana gudu da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa duniyar Mars daga nan, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a falakinsu. Wanda iska ke zurarewa daga ɗakinsa a can ba shi da halin kiran gida ya zauna jiran shawara, domin kafin amsa ta dawo an riga an yi ta ta ƙare. Damar tura masa agaji ba tare da ɓarnar mai ba kuwa sau ɗaya take zuwa a kusan kowane wata 26, sannan tafiyar kanta ta ci wata 6 zuwa 9.

A kan waɗannan alƙaluma Andy Weir ya gina littafinsa *The Martian*. Mutum ɗaya aka bari a Mars, ya ƙirga abincinsa ya ga ba zai kai shi ranar da za a iya zuwa ɗaukarsa ba, sai ya shuka dankalin Turawa a cikin ɗakin da yake zaune, ya samar da ruwan ban-ruwa ta hanyar fitar da haidurojin daga man roka ya ƙona shi da oksijin. Babu mugu ko ɗaya a littafin, amma wanda ya fara shi da wuya ya ajiye, saboda lissafin kansa ya isa abokin gaba.

Malamar Adabi ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, na gamsu da yawancin bayaninka, amma ina da ja a kan wuri ɗaya, wato cewar da ka yi ƙofa ta rufe wa marubuci. A ganina ba ta taɓa rufuwa, domin shi ne dai yake zaɓar alƙaluman da zai fara da su, kuma wanda ya zaɓi tambaya ya riga ya zaɓi rabin amsa.

Misalin da nake yawan komawa gare shi shi ne gajeren labarin Tom Godwin mai suna *The Cold Equations*, wanda ya fito a 1954 kuma ake yawan kafa hujja da shi a wannan fanni. Wata yarinya ce 'yar shekara 18 ta ɓuya a cikin ƙaramin kumbon da ke kai magani ga wasu marasa lafiya, ba don komai ba sai don ta ga yayanta. Man kumbon an auna shi daidai da nauyin matuƙi da kayansa, saboda haka idan ta zauna a ciki kumbon zai tarwatse wajen sauka, ita da matuƙi da masu jiran magani duk su halaka. Daga ƙarshe ta fita da ƙafarta zuwa sararin da babu iska. Labarin yana son mu yarda cewa dokar halitta ce ta kashe ta, wadda ba ta san tausayi ba. Ni kuwa idan na duba sai in ga mutane ne suka kashe ta: wanda ya ƙera kumbon da ba shi da ko ɗigon rarar mai, da wanda ya ga ya ishe shi ya manna gargaɗi a ƙofa maimakon ya sa kwaɗo, da wanda ya bari aka tashi ba a leƙa cikin ma'ajiyar kaya ba. An kuma ruwaito cewa editan mujallar da ta buga labarin, John W. Campbell, ya yi ta mayar wa marubucin da labarin saboda yana samo dabarun ceton yarinyar, har sai da ya haƙura ya bar ta ta mutu. Ashe ke nan akwai hannun mutum a bayan lissafin.

Shi kansa *The Martian* da ka ambata, guguwar da ta buɗe shi ba za ta iya abin da aka ce ta yi ba. Iskar Mars siririya ce ƙwarai, matsinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, ta yadda guguwar da ke gudun kilomita 150 a awa a can ba ta wuce ƙarfin iskar da ke gudun kamar kilomita 20 a nan ba, balle ta karkatar da kumbo ko ta yi jifa da mutum. Marubucin ya san haka kuma ya faɗa da bakinsa. Haɗarin ƙurar Mars na gaskiya shi ne rufe rana, kamar yadda ta yi a 2018 har motar bincike ta Opportunity, wadda ke aiki da hasken rana, ta yi shiru ba ta sake magana ba. Amma karya dokar da ya yi a shafukan farko bai rage wa littafin komai ba a wurina, kuma wannan ne ke sa in ce ba fiziks ɗin kaɗai ke riƙe mai karatu ba. Na karanta littattafai da dama a wannan fanni waɗanda injinansu suka fi mutanensu rai, inda marubuci zai ɓata shafi goma a kan bututun sanyaya inji, amma ya kasa rubuta uwa da ɗanta suna magana yadda uwa da ɗa suke yi.

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Malama, ki yi mini uzuri, amma abin da kika yi yanzun nan shi ne ainihin daɗin da ɗan'uwanmu yake tambaya a kai. Kin ɗauki labarin da ya haura shekara 70 kin tuhume shi da hujja, kin nuna inda aka yi sakaci a ƙirar kumbon, kin auna guguwar wancan littafin kin ga ba ta kai ba. Ba za ki iya yi wa labarin zoben tsafi haka ba, domin babu ma'aunin da ke wajen labarin da za ki ɗora shi a kai. Marubucin da ya ce zai bi fiziks ya ba mai karatu damar kama shi, kuma wannan girmamawa ce babba.

Akwai abin da ya faru da Larry Niven da ke nuna haka. A 1970 ya fitar da *Ringworld*, inda ya ƙago wani makeken zobe da aka gina ya kewaye tauraro, faɗin kewayensa kusan daidai da falakin duniyarmu, mutane suna zaune a fuskarsa ta ciki. A babban taron masoya labaran kimiyya da aka yi a Boston a 1971, ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka riƙa rera masa cewa zoben nasa ba zai zauna daram ba. Gaskiyarsu kuwa, domin sandararren zobe ba kewaya tauraro yake yi irin ta duniya ba, da zarar ya ɗan gusa gefe guda sai ɓangaren da ya matso ya ƙara jin janyowar tauraron, gusawar ta yi ta ƙaruwa har ya ci karo da shi. Tun a 1859 masanin fiziks James Clerk Maxwell ya nuna da lissafi cewa zobban duniyar Saturn ba za su yiwu su zama sandararren abu guda ba, sai dai tarin ƙananan gutsattsari. Niven bai yi fushi ba, ya zauna ya rubuta littafi na biyu, wanda a cikinsa ya sanya wa zoben injinan gyara zama a gefensa, ya kuma mayar da rashin waɗannan injina ya zama matsalar da labarin ke kai. Gyaran da masu karatu suka yi masa shi ya ba shi sabon labari.

Wani daɗin kuma shi ne fiziks na ba marubuci abubuwan da tunaninsa kaɗai ba zai kawo masa ba. A ce ana son mutane su ji nauyinsu a tashar sararin samaniya. Hanyar da muka sani ita ce a gina ta kamar ƙafar keke a riƙa juya ta, kuma idan tsakanin cibiyarta da bakinta ya kai mita 224, juyi biyu a minti ɗaya zai ba da nauyi irin na duniya. To amma mai shayin da ya ɗaga kofi sama kamar mita ɗaya zai tsiyaya a wani don ya huce, sai ya ga shayin ya kauce da kusan santimita 6 zuwa ɓangaren da tashar ke barowa a baya, ya zube a kan tebur. Wanda ya yi gudu ta inda tashar ke juyawa zai ji ya ƙara nauyi, wanda ya bi ta ɗaya ɓangaren ya ji ya yi sakayau. Yaron da aka haifa a can hannunsa ya saba da wannan kaucewa, ranar da ya sauko duniya shi ne zai riƙa zubar da shayi. Wannan ɗan bayani ya fi shafi goma na siffanta taurari sa ni in yarda cewa wurin akwai shi.

Na kuma yi imani cewa mutane suna son irin waɗannan labarai ne saboda sun san hakan na faruwa da gaske. A watan Afrilu na 1970 tankin oksijin na kumbon Apollo 13 ya fashe, mutum uku suka koma cikin ƙaramin kumbon sauka a wata, wanda aka ƙera domin mutum biyu, iskar da suke fitarwa ta fara taruwa tana neman shaƙe su. Matatun iskar da suka rage musu masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuma zagayayye ne. Da leda da kwali da tef da tiyon rigar sama jannati aka haɗa su, bisa umarnin da injiniyoyi suka karanto musu daga ƙasa, kuma duk ukun suka dawo da rai.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama da Injiniya, na ƙaru. Saura abu biyu da ba su kwanta mini ba. Na farko, idan ba a yarda kumbo ya wuce saurin haske ba, kamar yadda fiziks ya tanada, ashe labari ya maƙale ke nan a tsakanin duniyoyin da ke kewaye da ranarmu? Na biyu, ƙorafin Malama game da mutanen da ba su da rai har yanzu ban ga an amsa shi ba.

Malamin Fiziks ya sake amsawa:

Ɗana, tambayoyin naka biyu amsarsu ɗaya ce. Gaskiya ne taurari suna da nisan da hankali ba ya ɗauka. Mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske kansa sai ya yi tafiyar shekara 4 da 'yan watanni kafin ya isa, kumbon Voyager 1 kuwa da aka harba a 1977, wanda ke gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci sama da shekara 70,000 kafin ya ci irin wannan zango. Marubucin da ya ƙi yin ha'inci a nan hanyoyi kaɗan suka rage masa, ko dai kumbon da za a haihu a mutu a cikinsa har tattaɓa-kunne su isa inda kakanni suka nufa, ko kuma kumbon da zai kusanci saurin haske bai kai shi ba.

Ta biyun ce ke amsa wa Malama. Tun a 1905 masanin fiziks Albert Einstein ya nuna cewa agogon mai tsananin gudu yana tafiya a hankali idan aka gwada shi da na wanda ke zaune, kuma wannan ya wuce hasashe, domin a 1971 an ɗora agogunan atom a jiragen fasinja aka kewaya duniya da su aka auna bambancin. Taurarin ɗan'adam na GPS da wayarka ke dogara da su, sai da aka gyara agogunansu saboda bambancin da gudunsu da nisansu daga ƙasa ke haifarwa, wanda ya kai kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, da ba don haka ba taswirar za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 kullum. To a kumbon da ke gudun kashi 99 cikin 100 na saurin haske, kowace shekara ɗaya ta matafiyi daidai take da kusan shekara 7 a gida. Matar da ta bar 'yarta tana da shekara 5 ta yi tafiyar da a wurinta shekara 6 ce, za ta dawo ta tarar da 'yar ta doshi shekara 50, ta girme ta, ta yi aure ta aurar ba tare da ita ba. Babu wanda ya zalunce su, babu kuma wanda zai iya mayar musu da abin da ya wuce. Idan marubuci ya kasa sa mai karatu hawaye da wannan, to gazawar alƙalaminsa ce, domin fiziks ya ba shi duk abin da yake buƙata.

Injiniyan Ruwa ya ƙara da cewa:

Malam, ka ba ni dama in ɗora ƙaramin sharaɗi a kan misalinka, domin kada ɗan'uwanmu ya ɗauka wannan kumbo abu ne da ke kusa. Kai nauyin tan ɗaya kacal zuwa kashi 99 cikin 100 na saurin haske yana buƙatar makamashin da ya kusan kai wanda duniya gaba ɗaya ke amfani da shi a shekara, sannan a sake kashe irinsa wajen tsayawa idan an isa, ban da tafiyar dawowa. Fiziks bai haramta shi ba, amma babu injin da muka sani da zai iya. Shi ya sa yawancin marubutan wannan fanni suke roƙon mai karatu alfarma guda ɗaya tak, su ce a ɗauka an samu irin wannan inji, su faɗi haka a sarari tun farkon littafi, sannan su bi duk abin da ya biyo baya da gaskiya, har da zafin da injin zai fitar da inda za a zubar da shi, da kuma abin da ƙwayar ƙura za ta yi wa gaban kumbon idan suka yi karo a wannan gudu.